FITILA IDON MOTO: YADDA AKE SHARE CIKINTA

Jawabi a taron ƙungiya na bayan kaka, Cadawa



Iyayenmu dattawa, ranku shi daɗe. Malamai, Allah shi gafarta muku. Ƴan uwa ƴan ci-rani, da waɗanda suka komo gida, da waɗanda takardar nan za ta iske a Maradi, ko Kano, ko Ikko, ko Agadas, muna gaishe ku, muna yi muku barka da arziki.

Shugabannin ƙungiya sun ba mu fili mu yi magana a kan wani abu ƙarami, wato dattin da ke taruwa cikin fitilar moto, da yadda ake fid da shi. Wani zai ce, taro kamar wanga, ga zancen taki, ga zancen rijiya, ga zancen lakwal, sai a tsaya kan fitila? To, a yi mana haƙuri a saurara. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Fitila kuwa ita ce idon moto.

MOTO A GARINMU

Garinmu bisa babbar hanya yake, hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai, ta biyo Gidan Rumji da Maradi, ta ratsa mu, ta wuce Agye da Gazawa da Tasawa, ta nufi Damagaram. Nan kuma hanyar Mayahi ta rabu. Manyan motoci ba su rabuwa da ita dare da rana. Ranar kasuwa kuwa, in magariba ta yi, sai amalanken shanu da na jakai da suka kawo aya da gyaɗa da wake su kama hanyar gida, bisa gefen kwalta, mafi yawansu babu ko ƴar tocila. Ga masu tafiya ƙasa, ga bisashe da ke tsallakawa. Cikin wannan duka mai moto ke bi.

Dattawa sun tuna zamanin Mobilet, wadda fitilarta ke ƙara haske in an ba ta wuta, ta dushe in an sassauta. A lokacin, mai moto a ƙauye ana ƙirga shi da yatsu. A 1975 kamfanin Honda na Japan ya fito da CG 125. Daga baya na Sin da na Indiya suka cika kasuwa, su Kasea da Haojue da Royal da Boxer. Da aka hana acaɓa a birnin Kano cikin Janairu 2013, aka kuma hana okada a wasu unguwannin Ikko cikin Yuni 2022, wasu masu wannan sana'a suka tattara suka komo ƙauyuka da motonsu. Yau moto shi ne jaki, shi ne doki. Shi ke kai buhu kasuwa, shi ke kabu-kabu, shi ke ɗauko mai naƙuda daga tunga tsakar dare ya kai ta likita.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muke kira OMS, ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa haɗarin hanya yana kashe mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 kowace shekara a duniya, kuma in an auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki hasara. Ba mu ce fitila ce ta kashe su duka ba. Amma cikin abubuwan da ke kawo haɗari, akwai waɗanda suka fi ƙarfinmu, akwai waɗanda ke hannunmu. Fitila tana hannunmu.

ƊAN LISSAFI

Ku bari mu yi lissafi irin na lakwal. Moton da ke gudun kilomita 60 a awa yana cin mita kusan 17 cikin daƙiƙa guda. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da ƙafa ta taka birki, daƙiƙa guda ta wuce ga mutum mai lafiya wanda bai gaji ba. Mita 17 ke nan sun tafi. Bayan an taka birki, bisa kwalta busasshiya, da birki mai kyau da taya mai kyau, sai moto ya ƙara wajen mita 23 kafin ya tsaya. In an haɗa, mita 40 ke nan, taki kusan 50 na babban mutum. Bisa jar ƙasa ko rairayi, ko da kaya, ko da mutum uku a sama, abin ya fi haka.

To, in fitilarka ba ta nuna maka abin da ya wuce mita 20, lokacin da za ka ga amalanke aikin gama ya gama. Ko da gudun kilomita 40 ne, tsayawa tana cin mita 20 da ɗoriya. Ke nan wanda fitilarsa ta dushe, yana tafiya ne bisa ƙasar da bai gani ba.

ABIN DA KE CIKIN FITILA

Abu huɗu suka haɗu suka yi fitila.

Na farko shi ne gilashin gaba. A tsofaffin moto gilashi ne na gaske. A na yanzu roba ce mai tauri da ake gani ta cikinta, kuma tana saurin karcewa.

Na biyu shi ne ampul, wanda ƴan uwanmu na Kano ke ce wa ƙwai. A galibin motocin da muke hawa, na bolt 12 ne, wat 35. Zare biyu gare shi: guda na ƙaramar wuta, wadda direbobi ke kira kod, guda na babbar wuta, wadda suke kira far.

Na uku shi ne madubi, wato kaskon nan mai ƙyalli da ke bayan ampul. Shi ne mai babban aiki, shi ne kuma aka fi jahilta. Ampul yana watsa haske ko'ina, gaba da baya, sama da ƙasa. Madubi ne ke tattara shi ya tura shi gaba bisa hanya. Kowa yana iya gwadawa da tocila, kamar yadda muke nuna wa ƴan CM: a cire kaskon tocila a kunna ta, sai a ga haske ya watse, bai kai ko bakin zaure ba. A mayar da kaskon, sai haske ya miƙe har tsallaken titi. Batir ɗaya ne, ƙwai ɗaya ne, madubi ne ya bambanta su. Ƙyallin nan kuwa ba ƙarfe ba ne mai kauri. Ɗan shafen alminiyo ne wanda gashin kai ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. Mu riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Na huɗu ita ce hular roba da ke rufe bayan fitila, inda waya ke shiga. Ita ce ƙyauren ɗakin.

DAGA INA DATTI KE SHIGA?

Mutum zai yi mamaki, abu a rufe, ina ƙura ta bi? Amsa ita ce fitila tana numfashi. In an kunna ta, iskar ciki ta yi zafi, ta kumbura, ta fita. In an kashe, ta huce, sai ta jawo iskar waje. Masu ƙera ta sun san haka, don haka suka bar ɗan ƙaramin kafar iska a baya, a karkace, yadda iska za ta wuce ruwa bai shiga ba. Amma in hular roba ta tsage, ko an canza ampul an manta ba a mayar da ita ba, ko gilashi ya tsage wajen faɗuwa, to ƙofa ta buɗe.

Kowane lokaci da nasa baƙo. Da hunturu, hazo ne ke shiga, ya kwanta bisa madubi kamar gari. Da bazara, guguwa ce ke cusa rairayi. Da farkon damina, shinge da sauran ƙwari masu bin haske ne ke kutsawa, zafi ya kashe su, su taru a ƙasan gilashi. Moton da ɗan ci-rani ya jingine a ɗaki wata shida, gizo-gizo zai yi masa yana, zanzaro ya gina ɗaki cikin kafar iska ya toshe ta. Ruwa kuma yana shiga wajen tsallake fadama, ko wajen masu wanki in sun feshe fitila da tiyo mai ƙarfi tana da zafi. Ruwa in ya haɗu da ƙura sai su zama laka, su bushe bisa madubi. Wani lokaci ma ampul ne ke fashewa, ɓarɓashinsa ya zauna ciki yana kai da kawowa, yana karce madubi duk inda aka faɗa rami.

Alamun a fili suke: haske ya koma ja-ja, ko ya watse bai tafiya nesa, ko a ga raɓa cikin gilashi da safe, ko a haska bango a ga duhu-duhu cikin hasken.

A nan ne mutane da yawa ke ɓata kuɗinsu. Da haske ya ragu, sai a je Maradi ko Jibiya a sayo ampul mai wat 55 ko 60 a ɗaura. Wayar moto da mazaunin ampul ba don wannan nauyi aka yi su ba. Zafi ya yi yawa, mazauni ya narke, madubi ya ƙone ya yi baƙi, batir ya riƙa mutuwa. Wasu kuma su sa farin ƙwan nan na LED wanda bai dace da kaskon ba, haske ya watse sama, ya kashe idon mai zuwa, shi kuwa mai moto bai ƙaru da ganin hanya ba. Ɗakin da tagarsa ta toshe da ƙura, share taga ake yi tukuna.

YADDA AKE SHARA

Kayan aiki ba su da yawa: turnabis, wanda ƴan Kano ke ce wa sukuddireba, tasa mai tsabta, ruwa mai kyau, ɗan sabulun ruwa na wanke kwanoni, tsumma mai laushi wanda bai zubar da zare, da famfon keke. A zaɓi ranar da ba za a yi tafiyar dare ba, a fara da safe, a wurin da ba iska.

1. A kashe moto, a cire makulli, a bar fitila ta huce sarai. A kwance wayar batir ta baƙi, wato mai alamar ragi.

2. A kwance kusoshin da suka riƙe fitila, a zuba su cikin tasa don kada rairayi ya haɗiye su. Kada a taɓa kusar saiti, wadda ke ɗaga haske ko ta sauke shi. A jawo fitila a hankali, a zare soket. A riƙe soket ɗin kansa a ja, kada a ja waya.

3. A cire hular roba, a saki ƴar wayar da ta danne ampul, ko a murɗa shi, gwargwadon irin moton. A lura da yadda ya zauna, don haka za a mayar da shi. A riƙe shi ta gindinsa na ƙarfe. Irin ampul ɗin da ake kira halojen, wanda aka fara sa wa motoci a Turai a 1962, gilashinsa yana wuce digiri 250 in yana ci. Maiƙon yatsa in ya zauna bisansa, wurin sai ya fi sauran zafi, ampul ya mutu da wuri ko ya fashe. In an taɓa shi bisa kuskure, a goge da auduga da ɗan alkol na likita, a bari ya bushe.

4. A kifa fitila, ramin ampul yana kallon ƙasa, a girgiza a hankali, a ɗan bubbuga da tafin hannu. Ƙwari da rairayi da ɓarɓashin gilashi za su zubo. Sai a hura iska da famfon keke, bakin famfon bai taɓa madubi ba. Kada a hura da baki, don numfashi yana da laima. Kada kuma a kai wa mai faci ya sakar mata iskar inji da ƙarfi, don rairayin da ke ciki zai zama kamar tsakuwar gwafa bisa madubi. Sau da yawa aikin ya ƙare nan.

5. In akwai laka da ta bushe, sai wanki. A sami ruwa mai kyau, irin wanda ake zuba wa batir, wato ruwan zalla marar asid, ko ruwan sama da aka tara cikin tasa mai tsabta aka tace. Ruwan rijiya mai kanwa yana barin farin tabo in ya bushe. A ɗiga sabulu ɗigo biyu, a zuba ruwan ta ramin ampul har kamar sulusin fitila, a toshe ramin da tafin hannu, a jujjuya a hankali kamar mai ɗaurayar ƙwarya, a zubar. A maimaita. Sa'an nan a ɗauraye da ruwa zalla sau uku ko huɗu, har kumfa ya ƙare. Fitilar da ke da LED a manne cikinta, wadda ba a cire ƙwanta, ba a zuba mata ruwa.

6. A kifa ta a inuwa, wurin da iska ke wucewa ba ƙura, a rufa mata ƙyalle mai shara-shara, a bar ta yini guda. Kada a kai ta bakin murhu. Kada a mayar da ampul sai an duba babu ɗigo ko ɗaya, don ruwa in ya taɓa ampul mai zafi fasa shi yake yi.

7. A mayar da ampul yadda ya zauna, a mayar da hular roba ta kama ko'ina. In ta tsage a sayi wata. A buɗe kafar iska da tsinke in zanzaro ya toshe ta, amma kada a liƙe ta, don fitilar da ba ta numfashi raɓa take tarawa. A haɗa soket, a ɗaure kusoshi, a mayar da wayar batir, a gwada kod da far.

ABIN DA BA A YI

Babbar doka guda ce: ba a goge madubi. Ba da tsumma ba, ba da auduga ba, ba da yatsa ba. Mun faɗi yadda shafensa yake da sirantaka. Shafa ɗaya tana iya ɗebe shi, kuma in ya tafi ba ya komowa. Wanda ya tura tsumma da sanda ya murza, ya fid da ƙura ya kuma fid da fitilar. In dole sai an goge cikin gilashin gaba, a naɗa tsumma mai laushi a kan ƴar waya, a rufe bakin wayar sarai, a bi gilashi kaɗai, a kauce wa madubi.

Kada a zuba fetur, ko kananzir, ko tina na masu fenti. Suna cin roba, su sa ta yi fari ko ta tsattsage. Kada a sa toka, ko rairayi, ko garin sabulun wanki.

Kada a ɓamɓare gilashi daga kasko da wuƙa. A motocin yanzu manne su aka yi da danƙo tun daga kamfani, kuma in an raba su, da wuya su koma yadda suke. Ramin ampul ya isa ƙofa.

In an share an ga madubi ya riga ya yi baƙi ko ya saɓule, wanki ba zai yi magani ba, sai a canza fitila. In kuma fitila ta yi fes amma haske bai da ƙarfi, to ciwon yana ga batir, ko ga waya da ta yi tsatsa, sai a kai wa makaniki.

SAITI

Fitila mai tsabta da ke kallon sama, ko ta haska taya, ba ta da amfani. Bayan shara a duba saiti. Da dare, a tsayar da moto a wuri mai daidai, mita 5 daga bango, mai shi yana zaune bisa. A auna tsawon tsakiyar fitila daga ƙasa, a ja layi da gawayi a bango daidai wannan tsawo. A kunna kod. Bakin hasken na sama ya kamata ya sauka ƙarƙashin layi da kamar santimita 5, wato faɗin yatsu uku. In ya haura layi, kana kashe idon jama'a, sai a murɗa kusar saiti har ya sauko. Kuma in an haɗu da wani a hanya, a sauke far a koma kod. Direban babbar mota da ka kashe wa ido, kai zai bi ta kai.

ROƘONMU

Ga iyayenmu dattawa: maganarku ta fi tamu nauyi a gida. In yaro zai fita da dare, ku ce ya kunna fitila ku gani. In ba ta kai taki 50 ba, ya gyara, ko ya bari sai safe, ko in tafiyar ta zama dole ya tafi sannu. Ba sai kun iya turnabis ba kafin ku tambaya.

Ga ƴan ci-rani: in za ku aiko da moto gida, ku haɗo da ampul na ajiya mai wat daidai da wanda kamfani ya sa, da hular roba guda. In za ku tafi ku bar moto a ɗaki, ku lulluɓe kansa da buhu. In kun komo, ku duba fitila kafin tafiyar dare ta fari.

Ga masu amalanke: mai moto ba zai ga abin da bai ƙyalli ba sai ya matso. Ku kafa ɗan jan madubin nan na bayan mota ko na keke a bayan amalanke, hagu da dama, ko ku rataya tocila. Ko farin buhu kuka ɗaura ya fi babu. Ran sanku da naku ne.

Ga ƙungiya: muna ba da shawara a sa rana biyu a shekara, guda in hunturu ya wuce, guda in damina ta ɗauke, masu moto su taru da safe a share fitilu tare, a gayyato makanikan gari su nuna wa matasa, da dare kuma a duba saiti a jikin bango. Mu malaman lakwal za mu kawo ma'auni da alli. Abin da za a kashe bai wuce sabulu da ruwa ba.

Jama'a, rigakafi ya fi magani. Yini guda na shara bai kai kwana guda a gadon likita ba, balle abin da ya fi haka. Wanda ya karanta takardar nan ya karanta wa wanda bai iya ba, wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai zo ba.

 Allah shi kiyaye hanya, shi kai matafiya lafiya, shi komo da na nesa gida da alheri. Allah shi ba mu lafiya da zama lafiya.